Fashin Baƙi: Me ya kwantar da jirgin yaƙi na Aradu, kuma garambawul zai iya tayar da shi?

A watan Yunin 2023 rundunar sojin ruwan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin a yi wa NNS Aradu, babban jirgin yaƙinta ajin firiget, garambawul. Tun daga lokacin, duk sanda maganar ta taso sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce tsohon ƙarfe ne da ya haura shekara arba'in, a miƙa wa 'yan gwangwan a huta. Wasu su ce ai shi ne jirgin da ƙasa ke taƙama da shi, ko nawa za a kashe a kashe. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, akwai tambayoyin da ya kamata a fara warwarewa: wane irin jirgi ne Aradu, me ya hana shi fita teku shekara da shekaru, kuma idan an ce "an gyara", me aka gyara?

Wane irin jirgi ne firiget?

Jiragen yaƙi na ruwa aji-aji ne. Akwai ƙananan jiragen sintiri da ke zagaye kusa da gaɓa, akwai kobet da ya ɗara su, sai firiget, sai distiroya da ya fi shi girma da makamai. Girma kaɗai ba ya mai da jirgi firiget. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya yi nisa cikin teku, ya kwana makonni ba tare da ya dawo tasha ba, kuma ya iya faɗa ta fuska uku: da jirgin ruwa ɗan'uwansa, da jirgin sama ko makami mai linzami da aka harbo masa, da kuma jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa. Jirgin da ya rasa biyu daga cikin ukun nan, ko da lambar da ke jikinsa ta fara da harafin F mai nuna firiget, aikin sintiri kawai yake yi.

A nan ne ruɗanin yake farawa. Jama'a suna ganin gangar jiki da fenti da igwa a gaba, sai su ɗauka jirgin yaƙi ke nan. Alhali ƙarfin faɗan yana cikin abin da ido ba ya gani: rada mai hango abokin gaba daga nesa, sona mai sauraren ƙarƙashin ruwa, kwamfutar da ke haɗa bayanan ta lissafa inda za a harba, da mutanen da suka san hannun kowace na'ura.

Yadda Najeriya ta same shi

Kafin Aradu, babban jirgin rundunar shi ne NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan aka karɓa a 1965. Shi ya yi yaƙin basasa, ya tsare bakin teku, ya kuma raka dakarun da suka sauka Bonny a watan Yulin 1967. Da ya fara tsufa, ga kuma kuɗin mai sun shigo, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta ba kamfanin Blohm + Voss na birnin Hambug a Jamus kwangilar sabon jirgi. An fara ƙira a Disambar 1978, aka saka shi a ruwa a Janairun 1980, ya iso Legas a Disambar 1981, aka ƙaddamar da shi a Fabrairun 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da farko sunansa Republic, daga baya aka raɗa masa Aradu. Kalmar tamu ce, aradun nan da ke faɗowa da damina, wadda Bahaushe ba ya rantsuwa da ita da wasa. Shi kuwa tsohon jirgin aka sauya masa suna zuwa Obuma, aka mai da shi na horarwa.

Aradu shi ne jirgi na farko a duniya da aka ƙera da tsarin da Jamusawan suka kira MEKO. Dabarar ita ce kowane makami da kowace babbar na'ura a harhaɗa ta cikin akwati mai ma'auni ɗaya, sannan a zura akwatin a gurbinsa a jikin jirgi, a haɗa masa wuta da ruwan sanyaya da wayoyin bayanai. In makamin ya tsufa, sai ƙugiya ta ɗaga akwatin a sa sabo, ba sai an tsaga jirgin ba. Tsarin ya karɓu sosai, har ƙasashe irin su Turkiyya, Girka, Fotugal, Ostareliya da Afirka ta Kudu suka sayi jiragen da suka biyo bayansa. Abin takaicin shi ne jirgin da aka fara gwada dabarar a kansa bai ci moriyarta ba.

Tsawonsa mita 125 ne da 'yan kai, faɗinsa mita 15, nauyinsa da cikakken lodi tan 3,360. Mutum 195 ke tafiyar da shi, hafsoshi 26 daga ciki. Injinan tafiya huɗu ne: na dizal guda biyu ƙirar MTU na tafiyar yau da kullum, sai tabain guda biyu ƙirar Rolls-Royce Olympus, dangin injin jirgin sama, na lokacin da ake son gudu. Ba a haɗa su lokaci guda, ko dai waɗannan ko waɗancan, giyabos ne ke sauya wanda zai juya farfela. Da dizal yana yin wajen kilomita 33 a awa, da tabain ya kai 56. In ya bi a hankali, kilomita 28 a awa, mansa zai kai shi kusan kilomita 12,000.

Makamansa a wancan zamani ba na wasa ba ne: makamai masu linzami na Otomat guda 8 na harbin jiragen ruwa, na Aspide guda 24 na kakkaɓo jiragen sama, babbar igwa mai bakin milimita 127, ƙananan igwogi 8 masu milimita 40, bututu 6 na harba tofido, makamin da ke tafiya cikin ruwa, da helikwafta ƙirar Lynx mai farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. A riƙe wannan jerin, domin akwai abin da ke ɓoye a ciki. Gangar jiki da injinan dizal na Jamus ne. Tabain, babbar rada da helikwafta na Birtaniya ne. Igwa da makamai masu linzami na Italiya ne. Na'urorin saita harbi na Holan ne. Jirgi ɗaya, amma makullin lafiyarsa yana hannun ƙasashe huɗu.

Shekarun aiki

Shekarun farko sun yi kyau, ana atisaye da ziyarar ƙasashe. A 1987 ne abubuwa suka rikice: cikin shekara ɗaya jirgin ya dafe ƙasa a ruwa mara zurfi har sau biyu, ya kuma yi karo mai tsanani. Dafe ƙasa ga jirgi irin wannan ya wuce ƙujewar fenti. Ƙoƙon sona yana maƙale ne a ƙarƙashin ciki, farfeloli suna baya a ƙasa, kuma dogon sandan da ke juya farfela in ya ɗan kauce daga saitinsa, ko da kaurin farce ne, girgizarsa za ta riƙa cinye beyarin da giyabos a hankali har sai an sake saita layin gaba ɗaya.

Daga 1991 zuwa 1994 an yi masa babban gyara a ma'aikatar gyaran jirage ta rundunar da ke Wilmot Point a Legas, da taimakon kamfanin da ya ƙera shi. Wajen gwajin bayan gyara ya sake dafe ƙasa. A 1995 aka yi ƙiyasin cewa gyaransa ya fi ƙarfin amfaninsa, amma injiniyoyin runduna suka lallaɓa shi ya fita teku a 1996. A 1997, lokacin aikin ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, ya je Monrobiya ta Laberiya ya lalace a can, ya yi watanni, sai a 1998 ya dawo Legas da inji ɗaya.

Manyan tafiye-tafiye biyu ya sake yi bayan nan, kuma duka biyun biki ne ya tashe shi. A Yunin 2005 ya je gaɓar Fotsmut a Ingila, ya shiga jerin gwanon jiragen ƙasashe na cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. A Agustan 2007 ya tsallaka Atilantika tare da NNS Nwamba, ta Monrobiya da Resife zuwa Riyo di Janero, domin wani biki na sojin ruwan Burazil. Waɗanda suka kai shi suka dawo da shi sun cancanci jinjina, don tsallaka teku da tsohon inji ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai gyaran da ake yi don jirgi ya je biki na injin tafiya ne da janareta da na'urar tuƙi. Ba wanda zai tambayi ko radar saita harbi tana aiki a wurin fareti. Bayan tafiyar Burazil, yawancin rayuwarsa a ɗaure ta kasance a Legas.

Abin da ke cin jirgi yana tsaye

Mai mota ya san motar da aka jingine shekara biyu ta fi wadda ake hawa kullum lalacewa. Jirgin ruwa ya fi haka nesa ba kusa ba, domin shi a cikin ruwan gishiri aka jingine shi, ga zafi da laimar Legas.

A fara daga waje. Ruwan teku yana cin ƙarfe, shi ya sa ake manna dunƙulen tutiya a cikin jirgi daga ƙasa, tsatsa ta ci su maimakon ƙarfen. Suna ƙarewa, sai an sauya. Fentin ƙasa mai hana gansakuka da katantanwar teku mannewa shi ma yana da wa'adi. Duka biyun ba sa yiwuwa sai an shigar da jirgi busasshen kwarmi: a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, jirgin ya zauna kan katakai, a kankare, a auna kaurin ƙarfe da na'ura wuri-wuri, a yanke inda ya sirance a yi walda, a duba bawul-bawul ɗin da ke shigo da ruwan teku. Jiragen kasuwa doka ta tilasta a duba ƙasansu sau biyu cikin kowace shekara biyar. Jirgin yaƙin da aka tsallake masa zagaye biyu ko uku, ramukan tsatsa sun riga sun yi nisa.

A ciki kuma, bututun da ke ɗauko ruwan teku don sanyaya inji da kashe gobara suna ruɓewa daga ciki, ba a gani sai sun fashe. Dizal da ya daɗe a tanki yana tara ruwa a ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakanin man da ruwan, su zama kauri mai toshe matata, su kuma ci gindin tankin. Sandan farfela yana da nauyin gaske, in ba a juya shi lokaci-lokaci ba sai ya lanƙwasa kan beyarinsa, robobin da ke hana ruwa shigowa ta gefensa su bushe. Tabain kuwa iskar teku yake shaƙa mai gishiri, dole a riƙa wanke fukafukansa da ruwa mai tsabta, kuma in ya cika awoyinsa cire shi ake yi ɗungurungum a kai wa masu shi, ba aikin bakin tasha ba ne.

Wanda ya fi saurin mutuwa shi ne ɓangaren lantarki. Ɗakunan rada da kwamfuta suna rayuwa ne da injin sanyaya ɗaki. Ranar da injin ya tsaya, ko wutar tasha ta ɗauke aka kashe janareta don tsimin mai, laima za ta kwanta kan allunan, cikin watanni su yi kore. Kuma allunan fasahar shekarun 1970 ne, kamfanonin da suka yi su sun sauya hannu, sun daina ƙera irinsu. Makamai masu linzami su ma suna da ranar ƙarewa kamar magani: man roka da ke cikinsu yana tsattsagewa, batiri yana mutuwa, sai an riƙa mayar da su ana gwadawa ana sabunta takardar ingancinsu. Wanda wa'adinsa ya wuce, haɗarinsa ga mai harbawa ya fi haɗarinsa ga wanda aka harba wa.

Sai mutane. Kafin a sami ƙwararre kan na'urar saita harbi ana shekaru ana horar da shi. In jirgin ba ya fita, hannunsa zai yi sanyi, a yi masa canjin wurin aiki, ya yi ritaya, ilimin ya tafi da shi. Wannan asarar ba ta fitowa a takardar kasafi, amma ta fi wuyar mayarwa.

Dalilan da suka taru a kansa

An saba cewa sakaci ne da rashin riƙon amana, kuma ba za a wanke kowa daga wannan ba. Amma akwai dalilai uku da ko an sami masu gaskiya sai sun yi fama da su.

Na farko kuɗi. An sayi jirgin lokacin da naira ta fi dala daraja. Bai shekara biyar yana aiki ba farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta karye, alhali kowane ƙusa nasa da kuɗin waje ake saye. Masu lissafin kayan yaƙi sun daɗe suna cewa kuɗin sayen jirgi bai fi kashi ɗaya cikin uku na abin da zai ci a rayuwarsa ba. Najeriya ta biya kashi ɗayan, ba ta tanadi biyun ba.

Na biyu takunkumi. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 ƙasashen Turai suka fara janye hulɗar soja, sannan bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa a Nuwambar 1995 Tarayyar Turai ta hana sayar wa Najeriya makamai, har zuwa 1999. Ƙasashe huɗun nan da ke riƙe da kayan gyaran Aradu duk suna cikin tarayyar a lokacin. Wato daidai lokacin da ya fito daga gyara yana neman kaya, aka rufe ƙofofin huɗu rana ɗaya. Ba Najeriya kaɗai ta ɗanɗana irin wannan ba. Ajantina ta sayi 'yan'uwan Aradu guda huɗu, kuma ɗaya daga ciki, Heroína, ya shafe shekaru a ɗaure saboda wani babban haƙorin giyabos da aka kai Birtaniya gyara bai dawo ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne kasancewarsa tilo. Ƙa'idar da rundunonin ruwa ke bi ita ce in kana son jirgi ɗaya a teku kullum, sai ka mallaki uku: ɗaya yana aiki, ɗaya yana horo, ɗaya yana gyara. Mai jirgi ɗaya kullum yana tsaka mai wuya. In ya shigar da shi gyara ba shi da komai a teku, don haka sai ya yi ta ɗagawa har jirgin ya tsaya da kansa. Ba ɗan'uwan da za a ari kaya a jikinsa, ba wani jirgin da ma'aikata za su ci gaba da koyon aiki a kai, kuma ba kamfanin da zai buɗe layin ƙera kaya saboda mai saye ɗaya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu son a gyara suna cewa sabon firiget ɗaruruwan miliyoyin daloli ne, ga shekarun jira. Gangar jikin Aradu in ta ci jarrabawar awo, ga fili babba, ga wurin saukar helikwafta da ɗakin ajiye shi, ga tsarin akwatuna da aka yi shi don a sauya kaya. Suna ƙarawa da cewa sauran manyan jiragen rundunar biyu, NNS Thunder da NNS Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1960, sun girmi Aradu, kuma Thunder ya je har Sidni ta Ostareliya a 2013 ya dawo. In tsufa ne laifi, su ya kamata a fara sallama.

Masu adawa suna cewa bambancin shi ne waɗancan ba su taɓa daina aiki ba a hannun masu su na farko, kuma na'urorinsu masu sauƙi ne. Suna kuma tambaya: wane abokin gaba ne ake tanadar wa Otomat? Barazanar da ke Tekun Gini ta 'yan fashi ce masu kwalekwalen gudu, da ɓarayin ɗanyen mai, da masu kamun kifi ba izini. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a wannan yankin ne. Abin da ya rage matsalar daga 2021 shi ne dokar hukunta fashin teku ta 2019, da shirin tsaron teku na Deep Blue, da na'urorin sa ido na Falcon Eye, da yawan jiragen sintiri, duk ba tare da Aradu ya motsa ba. Kuɗin gyaransa, in ji su, gara a ƙara irin jiragen sintiri biyu masu mita 76 da aka ba Dearsan ɗin kwangilarsu a 2021, ko a ƙarfafa ma'aikatar Legas da ta ƙera jiragen sintiri Andoni, Karaduwa da Oji.

Hujjar nan tana da ƙarfi, amma ba ta rufe magana ba. Ruwan da Najeriya ke da haƙƙin arzikinsa ya kai kilomita 370 daga gaɓa, kuma manyan rijiyoyin mai irin su Bonga da Akpo suna can cikin teku mai zurfi. A Agustan 2022 katafariyar tankar mai, Heroic Idun, ta ƙi bin umarnin wani ƙaramin jirgin sintiri a kusa da Akpo ta yi gaba, sai a ruwan Ikwatoriyal Gini aka tsare ta, aka dawo da ita a Nuwamba. Irin wannan aiki yana son jirgi mai gudu, mai juriya, mai helikwafta a bayansa. Ko ya zama Aradu ko wani, gurbin yana nan.

Ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi?

Ruwansa na farko aljihu ne. Kamfanonin inshora suna ɗora ƙarin kuɗi kan jirgin da zai shiga ruwan da suke ganin yana da haɗari, mai jirgi ya ɗora kan kwantena, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ya ɗora kan mai saye. Kayan da ke sauka a tashoshin tudu na Kaduna, Dala da Funtuwa duk ta tekun nan suka biyo, haka kayan Nijar da ke sauka Lome ko Kwatano. Na biyu, ɗanyen man da ake sacewa daga asusun da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi yake fita. Na uku, kuɗin garambawul ɗin na jama'a ne, kuma 'ya'yan jama'a ne za su kwana cikin jirgin a tsakiyar teku.

Don haka ranar da aka ce an kammala, a nemi amsar abubuwa takamaimai. Kashi nawa na ƙarfen gangar jikin aka sauya bayan awo? An dawo da tabain ɗin ne, ko an bar shi da dizal, wanda ke nufin gudunsa ya ragu da kusan rabi? An sa sabuwar rada da kwamfutar yaƙi da makamai masu linzami, ko igwa kawai aka bari? In igwa ce kawai, to babban jirgin sintiri da horarwa aka samu. Wannan ba abin kunya ba ne, yana da amfani, amma a kira shi da sunansa, a kuma biya kuɗin da ya dace da shi. Kwangilar ta ƙunshi kayan gyara da horar da injiniyoyi na shekara nawa, kuma an sa ranar shigarsa kwarmi na gaba a kasafi? Daga nan sai a ƙirga kwanakin da ya yi a teku a shekararsa ta farko, da ta biyu, da ta biyar, a kwatanta da na Thunder da Okpabana.